Shekara Tara a Kan Bulo

Babanmu shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da makullin sito a wani kamfani mai sayar da kayan famfo, kuma a tsawon shekarun nan ko noti ɗaya bai taɓa ɓacewa a hannunsa ba. Shi ya sa har yau a unguwarmu ba mai kiransa da sunan yanka, Mai Sito kowa ke ce masa, har jikokinsa in ba ya kusa. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce na zo tona wa ubana asiri. Mutumin kirki ne. Bai ci haram ba, bai ciyar da mu haram ba, bai taɓa ɗaga wa Mama murya a gabanmu ba. Amma ina jin haushinsa, haushi ba kaɗan ba, kuma na gaji da haɗiye shi ina murmushi.

Ni ce autarsa. Ina ƙarama, in an tashi makaranta da wuri, nakan biya ta wurin aikinsa in jira shi mu taho gida tare. Siton dogon ɗaki ne marar taga, sai wata 'yar kafa a jikin ƙofa inda ake miƙo masa takarda ya miƙa kaya. Kantocin ƙarfe ne tun daga ƙasa har rufi, cike da bututu da noti da kan famfo, kowane iri da katinsa rataye da zare. Warin giris da na tsohon kwali kawai kake ji, ƙura kuwa ban taɓa ganinta ba. In leburori suka zo a gaggauce suna cewa manaja ne ya aiko su, sai ya ce to manajan ya aiko da takarda, ya ci gaba da goge kantarsa ko a jikinsa.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, wai duk abin da bai fita daga sito ba sabo ne. Yana da labarin da yake kafa hujja da shi. Akwai wani kwalin kan famfo na tagulla da kowa ya manta da shi a lungu, shi bai manta ba. Shekara goma sha takwas yana gogewa, yana ɗaga shi daga ƙasa don kada danshi ya taɓa. Ran da aka nemi irinsu aka rasa a kasuwa, ya fito da su suna ƙyalli, kuɗinsu ya ninka sau huɗu. Manaja ya sauko da kansa ya ba shi hannu a gaban kowa. Na ji labarin nan ya fi sau ɗari. Da na san abin da zai jawo mana, da tun ina firamare na saci kwalin na watsa shi a kwata.

Gidanmu ma sito ne. Rediyo a cikin kwalinta take kwana, a fito da ita a ji labarai a mayar. Farantan tangaran da aka ba su ran aurensu suna cikin kabad, ba wanda ya taɓa cin abinci a ciki. Muna yi masa dariya a bayan idonsa, muna ganin ai halin tsufa ne da ba ya cutar da kowa.

Mama tela ce. Keken ɗinkinta na ƙafa ne, kuma da shi ta biya rabin kuɗin makarantarmu, ni da Yayana. Shekara ashirin da biyar tana taka shi, in ta sauka kuma ta durƙusa a kan siminti tana yanka. A haka gwiwoyinta suka cinye. Shekarar da Baba ya yi ritaya likita ya duba hoton ƙashi ya ce guringuntsi ya kusa ƙarewa a duka biyun, wata rana dole a yi aiki a sa mata na ƙarfe. Amma ya ce ba yanzu ba, a ja lokaci da magani da allura duk wata, domin abin da za a sa ɗin shi ma yana da iyakar shekarunsa. Abin da ya ja wa Baba kunne a kai shi ne a tanadi kuɗi tun da wuri, don aikin ba na wasa ba ne.

A watan ne aka biya shi kuɗin sallama, kuma wallahi tun daga ranar ya ware su ya ce na gwiwar Mama ne. Wannan ba zan hana shi ba. Matsalar ita ce inda za a ajiye su. Banki bai yarda da shi ba, ya ce kuɗin takarda narkewa suke yi a zaune. Fili kuma ya ga yadda aka sayar wa Kawu da wani mutum fili ɗaya, kowa da takardarsa, suka ƙare a kotu. Shi kaya yake so, abin da zai gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya sa masa kwaɗo.

Haka ya faɗa hannun wani mai sayar da sababbin motoci, mai farar riga da zaƙin baki. Ya nuna masa wata ƙaramar jif mai ruwan toka, irin wadda ta fi ƙaramar mota tudu amma ba ta kai manyan girma ba. Ya ce masa duk mota tana faɗuwa, amma irin wannan ta fi sauran riƙe darajarta, domin kowa na nemanta, mai iyali da ma'aikaci da 'yar kasuwa. Ya ce abin da ke karya kuɗin mota shi ne yawan tafiya da ƙarzuwar jiki. Ban ce mutumin ya yi ƙarya ba. Rabin magana ya faɗa, ya kuwa faɗa wa mutumin da ba a gaya wa rabin magana. Baba ya dawo gida da lissafinsa a kai: in tafiya ce ke rage kuɗi, motar da ba ta tafi ko'ina ba kuɗinta suna nan cif.

A lokacin kuɗin motar sun isa a yi wa Mama gwiwa biyu, har a yi ta uku in tana da ita. Haka Yaya ya faɗa, muka yi ta dariya.

Ba na manta ranar da aka kawo ta. Mama ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita, ta fesa turare, ta tsaya a bakin ƙofa tana jira a ce ta shiga a zaga da ita ko layin nan ne. Baba ya shigo da motar a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Ya fito, ya zagaya ta sau biyu, ya ce a bari tukuna, kujerun da ledarsu, kada a yamutsa. Ya ce gobe. Mama ta koma ɗaki ta cire zanen ta ninke.

A watan farko ya fita da ita sau uku, duk don takardu da lamba, shi kaɗai. Mita ta nuna kilomita ɗari biyu da goma sha biyu. Sai ya yanko kati irin na sito, ya rubuta lambar mitar, ya rataya a madubin ciki da zare. Ya kwance igiyar shanyar Mama, ya tumɓuke 'yar bishiyar lemon da take zama ƙarƙashinta, ya sa aka kafa rumfar kwano a wurin. Ya ari jak, ya ɗora motar a kan bulo huɗu don kada taya ta gaji. Ya cire batir ya kai ƙarƙashin gado. Ya lulluɓe ta da tamfol ya ɗaure da igiya. Kowace Asabar da safe sai ya kwance, ya goge ta da tsumma mai laushi, ya duba katin kamar wani zai canja lambar, ya mayar da tamfol. Ba ya tayar da ita, wai inji ma in yana juyawa cinyewa yake yi. Jikoki suka sa mata suna Gimbiya.

Mama kuwa duk wata sai ta je asibiti, kuma daga gidanmu bas biyu ake shiga. Kafin in yi aure ni ke raka ta. Na san yadda take tsayawa a bakin titi tana canja ƙafa, na san yadda take cije leɓe in direba ya taka birki. Bayan na yi aure ta koma zuwa ita kaɗai. Baba bai taɓa raka ta ba ko sau ɗaya. Yakan ba ta kuɗin mota cif, ya raka ta bakin get, ya ce Allah ya tsare. In aka ce ya bi ta sai ya ce wa zai tsare gida, kuma duk mun san wane ne gidan.

Ran aurena a tasin haya aka fitar da ni, muka raɓa ta gefen tamfol. Ran da matar Yaya ta tashi da naƙuda a gidan, maƙwabta aka buga wa ƙofa. A nan ne Yaya ya yi faɗan da bai taɓa yi ba. Ya ce wa Baba duk wani bakanike ya san ajiya tana kashe mota fiye da tafiya. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya gyara zama ya soma labarin kan famfo na tagulla. Yaya ya ɗauki hularsa ya fita, bai sake tayar da maganar ba. Ni ma ban tayar ba. Mun mayar da abin na barkwanci, mu zo gida mu ce ina kwanan Gimbiya, mu ci abinci mu watse. Wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai.

Maƙwabciyarmu Mai Burodi, wadda ke da gidan gasa burodi a bakin layi, ita ma ta sayi irin motar a watan da Baba ya saya, don ta gani ta yi mata. Ita ba ta san wata leda ba. Buhun fulawa a baya, kwandunan burodi a kan kujera, 'ya'yanta biyar a cunkushe, kullum tana hanya. An goga mata ƙofa, an fasa mata fitila, ta gyara ta ci gaba. Duk lokacin da ta wuce Baba sai ya girgiza kai ya ce matar nan ƙona dukiya take yi. In ta ga Mama a bakin titi takan tsaya ta rage mata hanya, Mama kuma ta sa a sauke ta nesa da get in sun dawo, don kada Baba ya ji kunya. A shekara ta takwas Mai Burodi ta sayar da tata ta sayi babba.

A shekara ta tara Mama ta tashi za ta fita daga banɗaki gwiwar dama ta ƙi miƙewa, ta zube. Likita ya ce lokaci ya yi, duka biyun sun gama aiki, kuma in aka ƙara ja ƙashi zai soma cin ƙashi yadda aikin ma zai yi wuya. Na kawo wa Baba labarin ina tsoron yadda zai ji. Sai na ga fuskarsa ta yi haske. Ranarsa ce ta zo, ranar da za a miƙo takarda ya fitar da kaya. Ya sa aka kira dillali, ya ce a gaya masa sabuwar mota ce, ya zo da shirinsa.

Dillalin ya zo da hantsi, shi da wani bakanike mai furfura. Baba ya sa babbar riga. Da kansa ya kwance igiya ya yaye tamfol, kuma gaskiya fentin na ɗaukar ido, sai ka rantse jiya aka fito da ita. Dillali ya ce masha Allah. Sai ya ja ƙofa ta ƙi buɗuwa, ya ƙara ƙarfi, robar bakin ƙofar ta biyo shi a yage. Wani wari ya fito, na leda da ruma da fitsarin ɓera.

Bakanike ya buɗe bonet ya leƙa. Ɓeraye sun yi gida a gefen inji, har da tsummokaran ɗinkin Mama da suka kwaso. Sun gaigaye wayoyi. Ya matsa wani tiyo da yatsa biyu, tiyon ya dare. Ya buɗe tanki ya sansana ya kau da kai, ya ce fetur ɗin ya zama danƙo, ya bi duk hanyar mai ya toshe. Ya kama taya zai juya ta ƙi motsi, birki ya kama da tsatsa. Tayoyin da Baba ya ɗaga don kada su gaji duk sun tsattsage a gefe. Ya sa batirin da ya zo da shi, ya murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Ya goge hannunsa ya ce cikin ladabi, "Baba, da ma kun riƙa zagaya layi da ita ko sau ɗaya a mako."

Dillali ya fi shi rashin tausayi, ko in ce ya fi shi gaskiya. Ya ce mai saye shekarar mota yake fara tambaya kafin ya tambayi mita. Ya ce a saninsa irin wannan jif ɗin tun daga fita get ɗin kamfani take fara sauka, a shekara biyar ta kusa zubar da rabin kuɗinta, kuma wannan ma ita ce mai riƙon, wasu sun fi haka zubewa. Ya ce kamfanin ya canja mata fuska sau biyu tun daga lokacin, yanzu kowa mai allo da kyamarar baya yake nema. Sannan ga gyaran da za a yi kafin ta ko motsa. Baba ya ciro katin daga madubi ya miƙa masa, ya ce ya karanta. Dillali ya karanta, ya yi 'yar dariya.

"Baba, ni na yarda. Amma duk wanda na nuna wa motar shekara tara da kilomita ɗari biyu, cewa zai yi an juya mita."

Ban taɓa ganin Baba a irin wannan hali ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya ba a taɓa tuhumarsa da noti ba, yau an ce za a ɗauke shi maƙaryaci saboda tsabar gaskiyarsa. Da dillalin ya faɗi abin da zai iya biya, bai kai kuɗin gwiwa ɗaya ba. Baba ya nuna musu get.

Cikin mako biyu dillalai uku suka zo, kowa ya taya ƙasa da na gabansa. Baba ya ce sun haɗa baki. Ni kuwa na tafi gidan burodi na tsare Mai Burodi a bakin tanda na ce sai ta gaya mini nawa ta sayar da tata. Ta yi ta kwana-kwana, wai kowace mota da rabonta. Na ce Goggo, don Allah. Ta faɗa a hankali tana kallon ƙasa. Motar da ta sha fulawa da rana da ramuka shekara takwas, mai ƙofa a lotse, ta kusa ninka abin da aka taya ta Baba. Ta ce mai sayen zagaye ɗaya ya yi da ita, ya ji inji lafiya, ya ga takardun gareji na kowane juyen baƙin mai, ya biya.

Daga nan gida na nufa, ban tsaya na huce ba. Na samu Baba a ƙarƙashin rumfa da tsummansa, ranar ma ba Asabar ba ce. Na faɗa masa abin da ban taɓa zaton zan faɗa wa ubana ba. Na ce Mama ta je asibiti sau ɗari da takwas, na lissafa, bas huɗu kowane zuwa da dawowa, alhali kujera tana nan cikin leda taku goma daga ɗakinta. Na ce ya tsare ƙarfe ya bar mutum. Na ce mota ba tagulla ba ce, kuma Mama ma ba tagulla ba ce, duk abin da yake gidan nan tsufa yake yi ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Muryata har layi ana ji, kuma ban damu ba.

Bai yi mini tsawa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tsaya da tsumma a hannu, ya ce, "Auta, don ita na ajiye."

Na san gaskiya ne, kuma shi ya ƙara tunzura ni. Zan ci gaba sai na ji Mama daga ɗaki tana kirana. Na shiga na same ta a bakin gado, ƙafafu a miƙe a kan matashi. Na zaci za ta ce in je in ba shi haƙuri. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Yau ne kika ga damar faɗan? Da kin yi shi shekara tara da ta wuce, ke da Yayanki, da na gode muku. Yanzu ki rufa mana asiri, ki kira dillalin nan na farko."

Na kira shi. Ya zo, ya rage wani abu a kan tayin da ya yi da, wai kasuwa ta sauka, kuma ba mu da bakin musu. Ya zo da janwe da tsofaffin tayoyi huɗu. Aka sauke Gimbiya daga kan bulo. Mama ta fito tana dafa bango don ta ga tafiyarta. Baba ya je ya buɗe ƙofar gaba, ya riƙe ta, bai kalli kowa ba, ya ce wa Mama ko za ta ɗan zauna kafin a ɗauka.

"Bar musu ledarsu, Malam," in ji ta. "Kada su ce an yamutsa su sake ragewa."

Aka ja motar sama da sarƙa, tayoyin baya suna jan ƙasa saboda birkin da ya kama. Ta fita get a bayan janwe, mitarta na nan a ɗari biyu da sha biyu. Aka bar mana bulo huɗu da tamfol da kashin ɓera.

Yaya ya kawo abin da yake da shi, na sayar da 'yan kunnena da sarƙa, aka haɗa da kuɗin motar. Suka kai na gwiwa ɗaya daidai, da ɗan abin magani. Ranar da za a je a sa hannu na ce a ɗauki tasi, Mama ta ce a'a, kowane kuɗi yanzu da wurinsa. Baba ya sa hula ya ce zai bi mu. Ba wanda ya tambaye shi wa zai tsare gida.

Muka tsaya a bakin titi. Bas ta zo. Kwandastan, wani dattijo mai ƙaton ciki, yana hango Mama ya ce sannu Hajiya, yau da rakiya. Bai jira komai ba ya ciro wani ɗan akwatin katako daga ƙarƙashin kujera ya ajiye a ƙasa, da gani ya saba. Mama ta miƙa wa Baba jakarta. Ta taka akwatin da ƙafar hagu, ta kama ƙarfen ƙofa da hannu biyu, ta ɗora tafinta a kan matakalar da kowa ke takawa da takalmi, ta ja jikinta sama, ta janyo ƙafar dama a baya. Fasinjoji suka matsa mata, su ma sun saba. Baba kaɗai ne baƙo a wurin. Yana tsaye rungume da jakar, bakinsa a ɗan buɗe, har direba ya danna hon. A bas ta biyu babu akwati, ni da wata mata muka tura ta.

A asibiti likita ya ɗora hotunan a jikin fitila, ya ji bayanin kuɗin, bai yi mamaki ba. Ya ce to, tunda ɗaya za a yi, ta dama ta fi lalacewa kuma ita ta fi ba ta azaba, shawararsa a fara da ita. Ya juya wajen Baba, a matsayinsa na maigida, ya ce me ya gani. Baba ya sunkuyar da kai. Yana kallon tafin hannun Mama, inda dattin matakalar bas ya yi baƙi.

Mama ta goge hannun a gefen zanenta ta ce, "Likita, yi mini ta hagun. Ciwon ta dama na saba da shi. Ta hagu da ita nake hawa bas, kuma ka ga bas ɗin ba yanzu zan daina shiga ba."